Malam Mijinyawa, Mai Auna Sawun Yara a Toka

Duk wanda ya saba bin hanyar Jajaye da hantsi ya san baƙin keken nan da ake jinginewa a gindin dalbejiyar asibitin sha-ka-tafi. Mai shi, Malam Mijinyawa, yakan riga kowa isowa. Shi zai share baranda da kansa, ya kunna risho ya dafa allurai, ya jera kwalaben magani a kan tebur, sannan ya zauna a benci yana sauraron tarin masu tahowa tun ba su iso ba. Da Bahaushe Hausa yake yi, da Bafulatana Fulatanci, kuma kowa sai ya tambaye shi lafiyar shanu ko ta gona kafin ya tambaye shi tasa. Mutane suna ce masa Disfensa, har yara da yawa sun ɗauka sunansa na yanka ke nan. Haka yake tun Rogo tana ƙarƙashin Karaye, har zuwa watan jiya na wannan shekara ta 1998 da ya ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a yi jawabi ba, makulli kawai ya miƙa wa wanda ya gaje shi.

Ni ne Shitu, malamin firamare a Ruwan Bago. Kafin in fara yabonsa gara in faɗi gaskiya, na yi shekaru ina jin haushin bawan Allahn nan kamar in shaƙe shi. Dalili kuwa, ban taɓa ganin ma'aikacin asibiti mai saurin cewa "ban sani ba" kamarsa ba. Ni kuma abu ɗaya na shafe shekara goma sha biyar ina neman wanda zai gaya mini: mene ne yake cin 'ya'yana, kuma wanda zan haifa gaba zai tsira ko shi ma haka zai tafi?

Abin ya faro ne a 1983, ranar da Disfensa ya zo makarantarmu yin allurar rigakafi. Gidana yana jikin makarantar, sai ɗan farina ya fito yana biye da 'yan makaranta. A gidanmu, gidan masu shanu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya ko ƙare masa kallo a gaban mutane. Yau dai zan karya wannan, domin labarin ba zai faɗu ba sai da sunan. Sunansa Muntaka, shekararsa uku a lokacin.

Disfensa ya tsaya da allura a hannu yana kallonsa. Ya ce, "Malam Shitu, ɗan wa ne wancan?"

Na kawar da kai na ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Tun yaushe yake tafiya haka?"

"Yaya yake tafiya?"

Ya dube ni, ya sake duban yaron. Wallahi ba rainin wayo nake yi ba. Ni da nake gane ɗalibin da bai wanke ƙafa ba tun daga ƙarshen layi, ban san yadda ɗana yake tafiya ba, domin ban taɓa tsayawa na kalla ba. Da na juya sai na ga yaro yana taku ƙafafu a wawware, yana tangaɗi, in ya tsaya kuma kansa da kafaɗunsa ba sa zama wuri ɗaya.

Disfensa ya ce, "Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, ni ma ina yi wa nawa. Amma ran Litinin ka kawo mini shi da hannunka, kuma in ka iso baranda ka tuɓe kunyar nan ka ajiye ta tare da takalmanka."

Ranar Litinin na kai shi, ina tafe ina waige kada wani ɗan'uwa ya gan ni riƙe da hannunsa. Na zaci allura za a yi, ko a ba mu jan magani a kwalba. Sai mutumin nan ya shiga ciki ya fito da gwangwani cike da toka, da 'yar rariya. Ya tankaɗe tokar a kan simintin baranda, ya yi doguwar shimfiɗa kamar taku goma, ya tsuguna a ƙarshenta ya miƙa wa yaron alewa. Muntaka ya tako ba takalmi, ya bar sawunsa a baya. Disfensa ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, ya auna faɗin da ke tsakanin sawun dama da na hagu, ya yanke tsinken daidai nan da reza. Ya manna masa 'yar filasta, ya rubuta wata da shekara, ya ɗaure shi da zare.

Na ce, "To, Malam, mene ne ke damunsa?"

Ya ce, "Ban sani ba."

"To tokar fa?"

"Ita ce za ta tuna mana. Ido yana mantuwa, Malam Shitu. Wata mai zuwa za ka ce ya ji sauƙi, uwarsa ta ce ya ƙaru, ni kuma in rasa wanda zan gaskata. Tsinken nan ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa."

Na koma gida ina ƙunƙuni. Na gaya wa matata Maijidda cewa an kai mu wurin boka mai farin riga, shi ba ya zane a ƙasa sai a toka. Amma duk Litinin ɗin farkon wata muka riƙa komawa, tsinkayen kuma suka riƙa taruwa, kowane sabo ya ɗan ɗara na baya tsawo.

Abin da ya fi rikita ni shi ne ciwon bai tsaya wuri ɗaya ba. Da ƙafa ce kaɗai, da na ce shan-inna ce na haƙura, amma ƙafafun suna da ƙarfi, sarrafa su ne ya gagara. Daga nan magana ta fara nauyi, kalma tana fita a hankali kamar mai barci, alhali hankalinsa garau, har ya fi 'yan ajina biyar riƙe lissafi. Sai tari, yau ya warke, jibi ya dawo. Da ya kai shekara shida kuma sai jajayen jijiyoyi suka fito a farin idonsa. Kowa ya ce afolo ce, aka yi ta ɗiga magani, ido bai yi ƙaiƙayi ba, bai yi kwantsa ba, jan kuma bai tafi ba. Me ya haɗa ido da ƙafa? Me ya haɗa ƙirji da harshe? Ciwo huɗu ne suka yi taron dangi a kan yaro ɗaya, ko ciwo ɗaya ne mai fuska huɗu? Kowace tambaya na kai wa Disfensa amsarsa guda ce, sai dai ya ƙara da cewa, "Amma bari mu rubuta."

Da na gaji da shi sai na fara ɗaukar yaron zuwa Kano, wani asibitin kuɗi da ba zan kama suna ba. A wurinmu wanda bai kai ɗansa an yi masa hoto ba bai nema masa magani ba. Duk lokacin da tarin ya tashi ni nake matsa musu a yi hoton ƙirji, in dawo da baƙar takardar nan a babban ambulan in ɗaga ta a rana dangi su gani. Na yi haka ya fi sau goma. Disfensa ya taɓa ce mini, "Hoto ba ya warkarwa, gani kawai yake yi, kuma abin da ya gani bara shi zai gani bana." Na ce masa mai toka ba zai koya wa masu na'ura aiki ba. Bai yi fushi ba, tambayata ya yi ko yaron ya ci abinci.

A 1985 aka haifa mana mace, Turai. Ta zauna a kan kari, ta yi rarrafe a kan kari, ta miƙe a wata na goma sha biyu, muka yi hamdala. Kafin ta cika shekara biyu tangaɗin ya bayyana. Disfensa ya buɗe mata nata ƙullin tsinkayen.

A nan ne gida ya kama da wuta. Goggo Yelwa, ƙanwar mahaifina, ita ce babbar da ta rage mana, maganarta kuma ba ta faɗuwa ƙasa. Ta fara da iskoki, aka yi turare har bangon ɗaki ya yi baƙi. Da bai yi ba sai ta koma kan Maijidda, ta ce nononta ne ba shi da kyau, kuma uwarta baƙuwa ce da aka auro daga wajen Falgore, ba a san irin da ta shigo mana da shi ba. Ta kira ni ta ce, "Shitu, mace ba ta ƙare a duniya ba. Ka sawwaƙe mata, kada ta cika mana gida da masu layi." Maijidda 'yar baffana ce, tare muka tashi a tsakar gida ɗaya. Kunya nake ji in rubuta wannan, amma sai da maganar Goggo ta yi kwanaki tana yi mini daɗi a zuci, domin ta ba ni wanda zan ɗora wa laifi.

Malam Mijinyawa, kai ne ka hana ni aikata wannan. Ba wa'azi ka yi mini ba. Keke ka hau, duk ranar da ba aiki, ka bi rugage daga Jajaye har bayan Falgore kana tambaya ko akwai yaro mai irin wannan tafiya. Mutane suka ɗauka ka fara taɓuwa. Wata mata mai tallan nono, Tasalla, ta gaya mini da bakinta yadda ka iso rugarsu rana tsaka, wandonka duk ƙarangiya, ka roƙi toka a murhunta. Ta ce, "Na zaci yunwa ce ta kawo shi, na miƙa masa fura. Ya ce a'a, ɗana da nake ɓoyewa a bayan bukka yake son gani." Ɗanta yana tangaɗi, idonsa da jajayen jijiyoyi, kuma ba su haɗa komai da uwar Maijidda ba. Abu ɗaya ka lura da shi, ita ma da mijinta 'ya'yan wa da ƙani ne, kamar mu.

Da ƙulli uku na tsinkaye, har da na ɗan Tasalla, Disfensa ya ɗauke mu zuwa babban asibitin Zariya a 1989. Na ji nauyi ƙwarai da ya kwance tsumma a gaban likitan yara, mutum mai gilashi da farar riga, ya fara jera tsinken tsintsiya a kan teburinsa. Na ce a raina yau za a kore mu. Likitan ya tashi tsaye yana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, daga gajere zuwa dogo, yana karanta watannin. Ya leƙa idon Muntaka, ya sa shi ya taɓa hancinsa da yatsa, yatsan ya wuce ya taɓa kunci. Sannan ya aika aka kira ɗalibansa, ya ce su zo su ga tarihin ciwo na shekara shida da aka rubuta ba da biro ba.

Ya gaya mana sunan cutar, suna mai tsawo kamar igiyar guga. Farkonsa kawai na riƙe, ataksiya. Ya ce ciwo ɗaya ne, ba huɗu ba. Ya ce gadonsa ake yi, kuma ba ya fitowa sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa a ɓoye, su kansu lafiyarsu lau. Ya ce ba shi da magani, sai dai a riƙa tarar tari da wuri, a kuma daina yi musu hoto sai in ya zama dole, domin hasken na'urar yana yi wa irin jikinsu illa fiye da na sauran mutane. Na tambaye shi me ke haddasa shi a cikin jiki. Ya buɗe hannuwa ya ce har a ƙasashen waje ba a gano ba tukuna. Game da haihuwa ta gaba kuwa, ya ce kowane ciki ɗaya ne cikin huɗu.

A mota na tasa Disfensa a gaba. Na ce, "Ni malamin lissafi ne. Ɗaya cikin huɗu, ni kuma biyu cikin biyu? Wane irin lissafi ne wannan? Ke nan biyun da za su zo gaba sun tsira?"

Ya ce, "A'a. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da na gabansa ya yi ba."

"To na gaba fa?"

"Ban sani ba."

Na juya masa ƙeya har muka iso Rogo.

Washegari ya zo gidanmu ya durƙusa ya gaida Goggo Yelwa, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ya tambayi shanu, sai da ta saki jiki. Sannan ya ce, "Goggo, likita ya ce abin nan rabi daga Maijidda yake, rabi daga Malam Shitu. In da ɗayansu ba ya ɗauke da shi, da bai fito ba."

Ta ce, "Shi Shitun a ina ya samo?"

"Mai yiwuwa inda ita ta samo. Iyayensu maza ai uwa ɗaya uba ɗaya suke."

Iyayen nan maza biyu kuwa yayyen Goggo ne. Ta ce, "Wato daga ɗakinmu ya fito."

Ya ce, "Daga Allah ya fito, Goggo. Ba wanda ya gan shi balle ya kauce masa, kuma ba wanda ya yi laifi." Daga ranar ba ta sake maganar saki ba. Ita ce ma ta koma tana goya Turai zuwa baranda duk wata, tana zagin Disfensa a hanya wai ya mayar da jikarta kaza mai tonon toka.

Muntaka ya daina tafiya yana da shekara goma. A sha biyu wani ƙullutu ya fito masa a wuya, aka ce sankara ce, ciwo na biyar ke nan a lissafina. Watanni huɗun da ya yi a kwance, kullum bayan la'asar sai keken Disfensa ya tsaya a ƙofar gidana. Wata rana ya same ni a zaure ya ce, "Yana tambayarka. Shiga ka zauna kusa da shi, ka kira sunansa, ba mai jin ka sai ni." Na shiga, na kira sunansa. Ya yi murmushi, ya ce a hankali, "Ashe ka sani." Kwana tara bayan haka ya rasu, a damunar 1992. Allah ya jiƙansa.

A 1994 aka haifi Jamilatu. Zan faɗi abin da na yi ko da za a yi mini dariya: ɓoye ta na yi. Rigakafinta ma Karaye nake tura Maijidda ta kai ta, don kada su bi ta Jajaye. Da ta fara tafiya, in ta nufo ni sai in sunkuyar da kai in kama gyaran littattafan yara. Muntaka kunya ce ta hana ni kallonsa, ita kuwa tsoro ne. Maijidda takan ce, "Malam, yarinyar nan fa lafiya take tafiya." In ce haka ta faɗa a kan Turai ma. In Disfensa ya tambaye ni ita sai in ce tana gidan kakanninta. Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani.

Shekarar sanƙarau, 1996, lokacin da barandarsa ta cika da majinyata har gindin dalbejiya kuma ya yi makonni bai kwana a gidansa ba, a cikin wannan hali ya aiko a kira ni. Likitan Zariya ne ya rubuto masa wasiƙa, ashe duk shekarun nan suna musayar takarda. Ya ce masu bincike a ƙasashen waje sun gano tushen cutar a shekarar da ta wuce. Muka zauna a benci yana karantawa yana mayar mini da Hausa.

Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai dogon zare wanda aka rubuta gadon mutum a kansa. Zaren nan yakan tsinke a jikin kowa, kullum. Amma akwai wani sinadari da suke kira furotin, wanda Allah ya ajiye a ciki kamar mai gadi, da ya ga inda ya tsinke sai ya yi kururuwa, ya tsayar da aiki, masu ƙullawa su zo su ƙulla. 'Ya'yana an haife su ba mai gadin. Shi ya sa ɓarna take taruwa har ta zama sankara, shi ya sa garkuwar jikinsu ba ta da ƙarfi tari yake samun su, shi ya sa kuma hasken hoto, wanda yake tsinka zaren, ya fi yi musu illa.

Na ce, "To a ba Turai shi mana, ko a allura ko a abinci."

"Ba a ba da shi. Jiki ne yake ƙera abinsa a cikin kowace ƙwaya."

"To me ya haɗa mai gadin zare da tafiya?"

Ya duba takardar ya ce a ƙeya akwai sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, ƙwayoyinsa su ne suke mutuwa a hankali, kuma ba sa sake tsirowa. Ana zaton furotin ɗin yana da wani aiki na dabam a can, wajen yadda ƙwayoyin suke aika wa juna saƙo.

"Zato? To me ya sa na ƙeya, ba na goshi ba?"

"Ya ce ba su sani ba tukuna."

"Jan idon fa?"

"Shi ma ba su sani ba." Sai ya yi dariya, duk da gajiyar da ke fuskarsa. "Ka gani ko, Malam Shitu? Ashe muna da yawa."

Ni ban yi dariya ba. Tun da ya ambaci hoto hankalina yake kansa. Na ce, "Hotunan nan da na yi ta kai Muntaka, su ne suka jawo masa ƙullutun?"

Ya ninke wasiƙar. Ya ce, "Ban sani ba. Likitan ma ba zai sani ba. Yaran da ba a taɓa yi musu hoto ba ma sankarar tana kama su. Ba zan ce maka su ne ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na tabbata ba su ba ne. Abin da na gani da idona shi ne uba yana neman wa ɗansa lafiya." Da ya ce mini ba su ba ne, da ban yarda ba, domin na san masu lallashi. Ranar ce na fara fahimtar cewa "ban sani ba" ɗin nan da na tsana ita ce ta sa duk abin da ya ce ya sani nake iya kwanciya a kansa. Har yau ban gane yadda abu ɗaya da ba a gani yake riƙe da ƙafa da harshe da ƙirji ba. Ya bar mini wasiƙar, na karanta ta fiye da sau talatin, kowane karatu da sabuwar tambayar da yake bar mini.

Ranar da ya miƙa makulli, bayan la'asar, sai na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Na fito na gan shi da gwangwanin toka da rariya a ɗaure a baya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, na yi masa murnar gama aiki lafiya. Sannan ya ce, "Daga gobe ni ba Disfensa ba ne. Saura yarinya ɗaya ban auna ba, kuma ba na son in tafi da ita a raina. Shekararta huɗu. In akwai abin, ya isa ya nuna."

Na ce, "Ba ta nan."

Daga tsakar gida sai muryar Turai ta fito. Shekararta goma sha uku yanzu, tana zaune a kujerar da kafinta ya yi mata, ta daɗe da daina takawa. Kalmominta ɗaya-ɗaya suke fita. Ta ce, "Baba, tana nan. Bari ta taka."

Na matsa masa daga bakin ƙofa. Ya yi sallama ya shiga, ya tankaɗe toka a daɓen tsakar gida, daga bakin ɗaki har gaban kujerar Turai. Jamilatu ta maƙale a zanen uwarta, ta ce za a doke ta in ta taka toka. Disfensa ya karɓi 'yar ƙwarya a hannun Maijidda, ya cika ta da nono, ya ce, "Yayarki ƙishi take ji. Kai mata, kada ki zubar." Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar yadda na saba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam Shitu, wannan karon kalla za ka yi."

Na kalla. Ta taho tana kallon nonon, harshe a waje, taku goma sha biyu, ta miƙa wa Turai ƙwaryar ko ɗigo bai zuba ba. Disfensa ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya zaro tsinke ya auna, ya yanke, abin da ya rage a hannunsa bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ya kwance ƙullin Muntaka ya zaro na shekara huɗu, ya kwance na Turai ya zaro nata, ya jera su uku a ƙasa. Nasu kowanne ya ninka nata fiye da sau biyu.

Na ce, "To, Malam?"

Ya ce, "Gaibu na Allah ne. Amma sawun nan na san shi. Sawun yarinya mai lafiya ne."

Shekara goma sha biyar ina jiran mutumin nan ya ce ya san wani abu. Maijidda ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Turai ta leƙa tokar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago da nono a leɓenta tana dariya. Ta ce, "Ba irin nawa ba ne." Murna take yi, wallahi murna take yi, kuma wannan ne ya sa na fita zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar wanta.

Malam Mijinyawa, na toka da tsinke, mai gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Ba ka warkar da Muntaka ba, ba ka tayar da Turai ba, kuma ba ka taɓa cewa za ka iya ba. Amma kai ne ka hana a saki mace a kan laifin da ba ta yi ba. Kai ne ka fito da ɗan Tasalla daga bayan bukka. Kai ne ka sa na kira ɗana da sunansa tun yana iya amsawa. Na zage ka a bayan ido, na kira ka boka, ka yafe mini. Na gode, Maijidda ta gode, Allah ya saka maka da abin da ba mu da ikon ba ka, ya sa hutun nan ya zama mai albarka.

Ku kuma matasan da kuke karɓar makullan asibitocin ƙauye, ba na ce ku ajiye littafi ku ɗauki rariya ba. Cewa nake in abu ya shige muku duhu ku faɗa, sannan ku ci gaba da dubawa, wata bayan wata, ko da mai ciwon yana zaginku. Iyaye 'yan'uwana, ku yi kunyarku a gaban mutane in kuna so, amma ku tsaya ku kalli tafiyar 'ya'yanku.

Ƙullin Muntaka da na Turai ya bar mini su, suna cikin akwatina. Gajeren tsinken kuwa Turai ta ce nata ne, ta sa an ɗaure mata shi da zare a hannun kujerarta. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa, ta ce na ƙanwarta ne.